Rufin da Ya Fuskanci Gabas

Cikin jirgin bincike, Tekun Atlantika
2 ga Afrilu

Baffa Zakariyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba. Yaya gwiwa? Yaya jikin Mama Rekiya, hannun ya fara motsi kuwa? Ni lafiya lau, sai dai kwana ukun farko na yi su ne rungume da bokiti. Wanda bai hau teku ba, bai san amai ba.

Na san za ka ce sai yanzu na tuna da kai. Ka yi haƙuri. Kakarka da kakar Abba ne suke ciki ɗaya, amma tun rasuwarsa kai kaɗai ne a dangi kake kirana ka ce, "'Yar Badaru, me kuka auna yau a ofishin naku?" Shi ya sa kai na fara rubuta wa. Babu kiran waya a nan, sai wasiƙa ta tauraron ɗan'adam sau ɗaya a yini. Ka rubuta a takarda yadda ka saba, ka ɗauki hotonta ka turo.

Baffa, shekara shida ina zaune a Abuja ina kallon iska a kwamfuta, ina faɗa wa mutane gobe za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Ashe ban taɓa ganinta ba. Nan babu dutse, babu bishiya, babu abin da zai tare ta. Ruwa ne ta ko'ina har ya haɗu da sama. Jiya na tsaya a bakin jirgi, sai na ji na ƙanƙance, bakina ya kama tasbihi ba tare da na sa shi ba.

Bari in ba ka abin da za ka yi musu da shi a majalisa. Iska tana da nauyi. Dubi farcen babban yatsanka: iskar da ke tsaye a kansa, daga nan har ƙarshen sama, ta haura kilo guda. To, ƙiyasta rufin ɗaki. Abin da ya hana ta murƙushe kwanon rufin da kake bugawa shi ne akwai irinta a ƙarƙashinsa, tana tokare da shi. Inda rana ta gasa ƙasa, iska takan yi sauƙi ta tashi sama. Inda ke da sanyi, sai ta yi nauyi. Daga nan sai mai nauyin ta gangara zuwa gurbin mai sauƙin, kamar ruwa a kwata. Kaɗawar iska ke nan, ba wani abu ba.

Yanzu haka rana tana gasa hamada can arewa da ku, nan kuwa teku ya fi ta sanyi. Saboda haka iskar da ke kaɗa mayafina wajenku ta nufa. Duk ruwan da zai sauka a kan rufinka bana, iskar kudu maso yamma ce za ta ɗauko shi daga nan ta kai maka. In ya jiƙa ka, ka ce saƙona ne.

Ina labarin ginin Kurudu? Ya kai rufi?

Taka,
Nazeefa

*

Kurudu
6 ga Afrilu

Nazeefa 'yar Badaru,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Gwiwa tana nan da halinta. Mamanki hannu bai motsa ba, amma baki ya warware, har ya yi yawa. Tana gaishe ki, ta ce ki daina leƙa ruwa kada ki faɗa.

Wasiƙarki sau huɗu na karanta ta. Maganar farce ta hana ni sakat. Ina cin tuwo ina kallon yatsana. Kilo guda! Shekara arba'in ina kan rufin mutane, rabin Gwarinpa da gudumata a kai, ban san kaya nake ɗauke da shi ba. Allah mai iko.

Gini ya kai rufi. Ɗaki biyu ne da baranda. Kin san ɗakin da muke haya, tagarsa bangon maƙwabci take kallo. Shekara huɗu ke nan tun da shanyewar jiki ta kwantar da Rekiya, ba abin da take gani sai wannan bango. Na yi mata alkawarin baranda inda za ta zauna ta ga duniya, kafin damina ta kankama. Likita kuma ya ce in na sake hawa tsani, gwiwar nan ba ruwansa. Na ce masa saura rufi ɗaya, nawa na kaina, daga shi na ajiye guduma.

To, ga inda kika shigo. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, da mari ya cusa min doka ɗaya: gida yana juya wa gabas baya. Ba ka barin bakin rufi a buɗe ta gabas, don ta nan hadari yake zuwa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, wa ya isa? Haka na yi wa kowa, haka na tsara nawa, baranda tana kallon yamma.

Sai ga ki kin ce ta kudu maso yamma ruwan yake zuwa. Na zauna ina juya maganar. Na ce, Zakariyya, kai da ka tsaya a aji huɗu, ga yarinya a tsakiyar teku, a daidai inda ake ɗebo ruwan, tana gani da idonta. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mai wannan magana bai san za a yi tauraron ɗan'adam ba. Kuma kowa yana cewa yanayi ya canza. Wataƙila hanyar hadarin ma ta canza, mu muna nan muna bin dokar matattu.

Saboda haka na juya tsarin rufin. Na sa an toshe ƙofar yamma, an fasa ta gabas. Baranda yanzu gabas take kallo, bakinta a sama, bayan ginin ya kalli inda kika ce. Oga Israel, birkilan da ya yi min ginin, abokina ne tun muna samari, har hularsa ya cire ya buga a ƙasa. "Zakari, ka haukace? Ko a ƙauyenmu a Filato, tsohuwa ta san ruwa daga gabas yake dukan bango!" Na ce masa tsohuwar ƙauyenku ta taɓa shiga jirgin ruwa? Rekiya ma ta ce, "Gabas ba kyau." Na karanta mata layinki da ƙarfi.

Ki amsa min da wuri, na yi daidai? Katako yana ƙasa, sama kuma ta fara haɗa fuska.

Baffanki,
Zakariyya Kafinta

*

Kurudu
14 ga Afrilu

'Yar Badaru,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, muna fatan kina lafiya.

Kwana takwas ban ji daga gare ki ba. Na jira kwana uku, guduma a hannu, ina duba waya kamar saurayi. Daga baya na ce ai shiru ma amsa ce. Da kuskure na yi, da kin yi ihu tun daga tekun.

Albishirinki, rufi ya hau! Ni da kaina na buga ƙusar ƙarshe ranar Alhamis, na sauko, na sumbaci gudumar, na jefa ta ƙasan akwati. Mun tare ranar Asabar. A kujera muka ɗauko Mamanki, ni da Israel, yana ta gunaguni har muka ajiye ta.

Nazeefa, da kin ga fuskarta da safe. Gabanmu fili ne, gonaki, sai duwatsu can nesa. Da rana ta ɓullo ta bayan dutse, hasken ya shigo barandar nan har kan ƙafafunta, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kare ido, tana murmushi. Ban ga haƙoranta haka ba tun kafin ciwo. Yanzu da an idar da sallar asuba take cewa a fito da ita. Kunu ma a nan take sha.

Israel ya ce mu jira hadari. Na ce ya je ya jira shi a yamma, ya gaishe shi.

Allah ya yi miki albarka. Ilimi ba ƙarya ba ne.

Baffanki

*

Cikin jirgi
15 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Mama. Ni ƙalau, har na yi ƙiba. Farantin da ke haɗa mu da tauraron ɗan'adam ya lalace tun biyar ga wata, ba saƙon da ke shiga, ba mai fita. Ina rubutawa ne in ajiye, ranar da aka gyara ta tafi.

Mun iso aikin da ya kawo mu. Akwai wasu na'urori kamar manyan randuna, an ɗaure su da igiya har ƙasan teku, suna yawo a kan ruwa shekara da shekaru suna auna zafinsa. Mukan ciro su, mu kankare, mu mayar. Abin da suke faɗa ne ya ba ni mamaki. Ashe teku yana da damina da rani irin nasa. Nan da wata biyu, ruwa mai sanyi zai taso daga ƙasa ya shimfiɗu a daidai inda muke. Sanyin nan ne zai ƙara wa iskar nan nauyi, ya ingiza ta can cikin ƙasa har ta wuce Abuja, ta wuce Kano. Shekarar da sanyin ya yi rauni, ruwan sama yakan daɗe a bakin teku, arewa tana jira.

Ba a nan ya tsaya ba. Can bayan duniya akwai Fasifik, tekun da ya ninka wannan. Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai, gefensa ɗaya yakan ɗumame, ana kiran abin El Nino. In ya zo, nauyin iska yakan sauya wuri a rabin duniya, kuma sau da yawa daminarmu takan ragu. Ka ji fa. Ruwan da ba wanda ya taɓa gani a danginmu ya ɗan yi ɗumi, sai masara ta ƙi cika a Kurudu, mangwaro ya yi ƙaranci a kasuwar Zuba. Duniyar nan ɗaki ɗaya ce, Baffa, rufinta ɗaya. Wani lokaci in na tuna sai in rasa abin faɗa, sai Subhanallah.

20 ga Afrilu, da safe

An gyara farantin. Wasiƙunka biyu sun shigo tare yanzun nan. Innalillahi! Baffa, ka saurare ni.

Maigidanka yana da gaskiya. Oga Israel yana da gaskiya. Mama tana da gaskiya. Ni ce na faɗi rabin magana na tafi.

Iska hawa-hawa ce, kamar bene. Ta ƙasa ce take zuwa daga kudu maso yamma, a hankali, ɗauke da laima. Ita ke kawo ruwan, amma ba ita ke zubar da shi ba. In laimar ta taru ta zama hadari ya yi tsawo, akwai wata iska mai ƙarfi a sama, wajen kilomita uku ko huɗu, tana gudu daga gabas zuwa yamma. Ita take kora hadarin. Shi ya sa yake faɗo muku ta gabas, da guguwa mai sanyi a gabansa, kuma na farkon damina ya fi kowanne mugunta. Hanyarsa ba ta canza ba.

Ka tuna na ce iskar ƙasan rufi tana tokare da ta samansa? In guguwa ta shiga bakin baranda, ta ƙasan za ta cika ta yi ƙarfi, wadda ke gudu ta saman kwano kuma nauyinta zai ragu. Rufin ba faɗuwa zai yi ba, tashi zai yi.

Don Allah yau ɗin nan, kada ka jira gobe. A ɗaure kowace rafta da ke ɗauke da kwano da langa-langa ko rodi a jikin gini. A toshe bakin barandar da katako. In gabas ta yi duhu, ka fitar da Mama daga gidan gaba ɗaya. Kada ka hau da kanka, ka sa wani.

Shiruna ba amsa ba ce, Baffa. Ka yafe min. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Nazeefa

*

Kurudu, gidan Israel
23 ga Afrilu

'Yar Badaru,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki tukuna: muna da rai, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Mamanki tana ɗakin matar Israel, an ba ta gado, tana shan farfesu kamar sarauniya. Gwiwa ce dai ta kumbura.

Wasiƙarki ta shigo ranar ashirin da hantsi. Ta same ni a gonar rogon wani bawan Allah, ina tsintar ƙusa. Hadarin ya riga ta da yini ɗaya.

Ranar sha tara ne, bayan la'asar. Tun azahar garin ya yi tsit, ganye ba ya motsi, zufa kamar an zuba mana ruwa. Rekiya tana baranda. Sai ta ce, "Zakari, zo ka gani." Na fito.

Nazeefa, shekara sittin da uku ina duniya, ban taɓa tsayawa na kalli hadari ido da ido ba. Kullum gidajen da na zauna bayansu suke ba shi, ni kuma da na ji iska sai in tattara kaya in shige. Ranar nan na gan shi. Gabas gaba ɗaya ta tashi tsaye, baƙa ƙirin daga ƙasa har inda wuya ba ya iya ɗagawa, samanta fari fat kamar auduga, walƙiya tana yawo a cikinta ba ƙara. Duwatsun nan da nake ganin girmansu, sai suka koma kamar murhu a gabanta. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Na san a lokacin na yi kuskure, na san rufina ya tafi, amma wallahi ƙafata ta ƙi motsi. Kabbara kawai nake yi.

Sai sanyi ya doke mu a fuska. Na ce, Rekiya, mu shiga. Ta riƙe hannun kujera ta ce, "Tsaya kaɗan." Tsaya kaɗan! Da ƙyar na kinkime ta, gwiwa tana ihu, na kai ta ɗaki na tura ƙofa.

Ban kai ga zama ba na ji ƙusoshina suna kuka. Na san muryar ƙusa in ana zare ta, sana'ata ce. Ɗari-ɗari suke fita a lokaci guda. Na ɗaga kai. Ni duk zatona iska ture abu take yi. Ba ta ture shi ba. Ɗaga shi ta yi, cak, kwano da rafta da komai, kamar mace ta buɗe murfin tukunya ta duba miya. Ya ɗan tsaya a sama, na ga ƙasan aikina, layin ƙusa a miƙe, ba kuskure ko ɗaya. Sannan ya tafi. Muna zaune a ɗaki, sai ga sama a kanmu.

Ruwa ya sauko. Na ja tabarma na rufa mata, na rungume ta. Ina jin jikinta yana girgiza, na ce shi ke nan, tsoro zai dawo mata da ciwo, na kashe matata da taurin kai. Na leƙa ƙarƙashin tabarmar. Dariya take yi. Ta buɗe tafin hannunta ruwa yana taruwa, ta ce, "Saƙon Nazeefa ya zo."

Israel ne ya iso da buhu a ka, ya goya ta. Har yau bai ce min "na faɗa maka" ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Maganar yafiya, ki bar ta. Ba ki yi ƙarya ba. Ruwan daga wajenki ya zo, na ɗanɗana shi. Laifin na wanda ya san abu shekara arba'in, ya ajiye shi saboda layi ɗaya a takarda. Na raina abin da ke hannuna don ba a rubuce yake ba. Amma ban yi baƙin ciki yadda kike zato ba. Maigidana ya ba ni doka, bai ba ni dalili ba. Yanzu na ga dalilin da idona, ke kuma kin faɗa min sunansa. Iska bene-bene! Da yana raye da na je na gaya masa, ko zai sake marina.

Mun kwaso kwanon, fiye da rabi zai miƙe. Jiya muka zauna da Israel muna shawara a gaban Mamanki. Ya ce abu mai sauƙi ne, a toshe ƙofar gabas, a buɗe ta yamma, a mayar da baranda inda take tun farko. Na ce haka za a yi.

Sai Rekiya ta buga sandarta a ƙasa. Ita da ta ce gabas ba kyau. Ta ce, da Hausarta ta mutanen Okene, "Ba mai juya min. Shekara huɗu ina kallon bango. Kwana takwas na ga rana ya fito, na ga hadari ya zo da ƙafarsa. In zai zo, ya same ni ina kallonsa."

Israel ya ce, "Madam, zai sake ɗauke rufin fa." Ta nuna ni da sanda ta ce, "Wannan ba kafinta ba ne?"

To, kin ji inda muke. Rufin da ban taɓa yi ba a rayuwata, wanda maigidana ya hana, shi aka ce in yi: mai kallon gabas, kuma ya zauna. Rabona da jin tsoron aiki tun ina yaro, kuma rabona da jin daɗinsa haka. Israel zai zuba kankare ya binne rodi a kan bango. Zan rage tsawon bakin, in saukar da goshinsa, in rufe ƙasansa da katako, in ɗaure kowace rafta. Abin da ban sani ba shi ne ƙarfin abokin karawar. Barandar taku goma sha biyu ce a tsawo, taku shida a faɗi. Ki zauna da masanan jirginku ku auna min, in guguwa irin ta ranar nan ta shiga ƙarƙashinta, nauyin buhun siminti nawa take ɗagawa? Ki faɗa min duka wannan karon, har da rabin da kike ganin na sani.

Kin ce kada in hau da kaina. Likita ma ya faɗa. Na ji ku duka. Amma na buɗe akwati na ciro gudumar, kuma Mamanki ta ce a kai ta da kujerarta gobe da sassafe, ta zauna a fili ta ga yadda zan yi.

Baffanki,
Zakariyya Kafinta